Na Bar Matata Da Laifin Kurumtar 'Yarmu

Assalamu alaikum, ina gaishe da mai wannan shafi da duk masu bibiyarsa. Don Allah a sakaya sunana, kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, ni ma ban bar kaina ba.

Ni manomi ne a gefen Malumfashi, masara da auduga nake yi. Matata 'yar kawuna ce. 'Yarmu ta fari ta yi zazzaɓi mai zafi tana goye, ina gona, uwar ta ruga da ita kemis aka yi mata allura. Daga baya muka lura ko injin niƙa aka tayar kusa da ita ba ta waiwayowa. Mahaifiyata ta ce allurar ce. Ni ma na hau kai, har na ce wa matata, "Ke kika kashe mata kunne da gaggawarki." Ta sunkuyar da kai.

Bara na kai yarinyar asibiti a Zariya ni kaɗai, lokacin matata na jegon na biyu. Bayan gwajin kunne da na jini, likitar ta yi min bayani cewa can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyin halitta masu siririn gashi, su ke kama sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Na 'yarmu ba su ginu daidai ba tun tana ciki, kuma gado ne daga gare ni da uwarta baki ɗaya, duk da mu muna ji garau. Na ce, "Likita, ba allura ba ce?" Ta ce, "Malam, haka aka haife ta. Akwai kurma a danginku?" Na ce babu, alhali na san ƙanen kakanmu da ya rasu a Danja bai taɓa ji ba.

Da na dawo matata ta tare ni tun daga zaure, "Yaya, me suka ce?" Na ce, "Abin da muka sani ne." Me ya hana ni faɗa? Kunyar janye maganata? Ko tsoron a ce jininmu ne? Har yau ko maganin mura ba ta iya bai wa ƙaramin sai ta tambaye ni. Rannan tana yi wa yarinyar kitso, suna hira da hannu suna dariya, sai ta ɗago ta ce, "Ka yafe min abin da na yi wa yarinyar nan." Wallahi fita na yi na bar gidan.

Yanzu an sa bikin ƙanwata da ƙanen matata bayan an cire amfanin gona, ga shi likitar ta ce 'yan uwanmu su riƙa gwaji kafin su auri juna. In na yi magana auren nasu na iya watsewa, matata kuma za ta san shekara guda ina kallonta tana ɗauke da laifin da ba nata ba. In na yi shiru, wa zan ɗora wa laifi ranar da ƙanwata ta haifi kurma?

Jama'a, don Allah, me zan yi?