Hannun da na saki a asibiti

Yaya Malam Sabi'u,

Gafarta mini, na dame ka. Ya ƙafar Inna? Mu nan Winnipeg ta Kanada lafiya lau, barci ne kawai ya ƙi.

Jiya ina bakin aikin jinya a asibiti, wata tsohuwa, Misis Friesen, tana gargara, ba kowa nata, ta riƙe hannuna. Sai jini ya ɓalle wa wani da aka yi wa tiyata. Na zare hannuna na ruga. Shi ya rayu, ita ta cika ita kaɗai.

Abin haushi, yabona ake ta yi. Shugabarmu Darlene har da cewa, "Haba Hanne, hannu huɗu gare ki? Zo ki ci kek!" Kek, Yaya! Na san daidai na yi, amma wa zan roƙa gafara yanzu?

Don Allah ka amsa da wuri.

Ƙanwarka,
Hanne