Ƙorafin Kyaftin Harjono Kan Malamar da Ta Kifa Shi a Sama

Zuwa ga: Pak Wibisono, Daraktan Horar da Matuƙa, Kamfanin Jiragen Sama na Kepodang, Surabaya
Daga: Kyaftin Harjono Sastrodipuro
Kwanan wata: 8 ga Mayu, 2024
Game da: Halin Malama Rosmaida Tambunan a horon daidaita jirgi idan ya kufce

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da kukana, ni da na shekara talatin da ɗaya ina tuƙi, ban taɓa zubar wa fasinja ko shayi ba.

1. Ranar Litinin 6 ga wata, da ƙarfe tara na safe, aka haɗa ni da wannan malama a ƙaramin jirgin horo. Sa'ar 'yata ce ta biyu. Ta ce in rufe ido, na rufe saboda ladabi. Da na buɗe sai na ga gonakin shinkafa a saman kaina.

2. Na ja sandar tuƙi da ƙarfi, kamar yadda hannuna ya saba. Na yarda littafi ya ce turawa ake yi, kuma jan nan ƙasa ya nufa da mu. Amma maimakon ta yi gyaran murya kamar kowane ƙarami mai tarbiyya, sai ta daka mini tsawa in saki, ko “Pak” ɗin da ake girmama babba da shi babu. Na san 'yan ƙabilarta, mutanen Batak, ba sa tauna magana, to amma ni ko mahaifiyata ba ta taɓa yi mini haka ba.

3. Ta miƙo mini ledar amai tun ban nema ba. Cewa na yi amfani da ita ba shi ne abin dubawa a nan ba.

4. Ta rubuta “bai ci ba”, an dakatar da ni daga kujerar kyaftin sai na sake gwaji. Kwana biyu ke nan maiɗakina tana aikena kasuwa.

Na samu labarin cewa, don a share mini hawaye, za a haɗa ni da Kyaftin Prasetyo. Ni na koya masa tuƙi, har yau sumbatar hannuna yake yi. Shekara shida yana gwada ni a na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, ina jan sandar nan yana kallon silin, yana sa hannu. Ban san haka nake ba sai ranar Litinin, kuma wallahi na tsorata.

Don haka ina roƙon a ja wa Malama Rosmaida kunne ta riƙa cewa “Pak” kafin ta kifa babba. Sannan a sake haɗa ni da ita, ba da wani ba. Mutum ɗari da tamanin ke zama a bayana kowace safiya, kuma duk kamfanin nan ita kaɗai ce ba ta jin kunyata.

Ka huta lafiya, tare da cikakkiyar biyayya.

Kyaftin Harjono Sastrodipuro