Albarushin da Ka Bari a Gareji

Baban Khalifa,

Assalamu alaikum, da fatan kwanciya ta yi daɗi. Na san ba za ka karanta wannan ba. To ko kana raye ma saƙona kwana yake yi a wayarka ba ka buɗe ba, don haka ban ga wani babban canji ba.

Bari in fara da yabo, tunda an ce a ambaci mamaci da alheri. Kai dai ka iya zaɓen abin ɗebe kewa. Mazan mutane idan girma ya fara kama su, wani ya shuka tumatir a bayan gida, wani ya koma hadda, wani ya liƙe wa ƙwallo. Kai kuwa, baƙar fata, Musulmi, mai gemu, a tsakiyar Salford, garin Turawa, ka duba duniya kaf ka ga babu abin da ya dace da kai sai ɗura harsashi da hannunka a gareji. Irin wannan basira ba kowa ake ba ba.

Da kulob ɗin masu harbin takarda ka fara. Ka yi ta zarya har aka ba ka lasisi, ɗan sanda ya zo duba akwatin ƙarfen da ka kafe a bango, ni na dafa masa shayi. Daga nan ka ce harsashin kanti ya yi tsada, gara ka tsinto kwanson da aka harba ka sake cikawa. Ni da na tashi a kasuwar Kwari, na san idan namiji ya ce zai sayi abu don a samu sauƙi, to a shirya. Sai ga inji, ga sikeli, ga gwangwanayen albarushi. Kullum kana tuna min kakanka maharbi ne a Ningi. Shi idan ya fita da nama yake dawowa. Kai takarda mai huji kake kawowa ka manna a jikin firij.

Idan awon ya wuce da ƙwaya ɗaya, sai ka juye ka sake. Amma likitarka ta gaji da kiranka a kan hawan jini. Mutumin da yake auna gari kamar zinariya, me ya hana shi haɗiyar ƙwayar magani da safe? A kan bencin nan ka faɗi da la'asar, waɗanda ka gama ɗurawa suna jere a faranti.

Ga labarin gida. Ranar sadakar uku mata suka ce ɗakin girkinmu ba zai ɗauki manyan tukwane ba, sai a gareji za a kafa murhun gas. Wanka Yaya Sani ya zo daga unguwar Edgbaston ta Birmingham, ya leƙa, ya ce a kwashe komai. Ya ce kayan mamaci a hannun babba suke zama har a raba gado, kuma kayan harbi ba na gidan mace mai takaba ba ne. Ka san wanka, idan ya yi magana ta zauna. Khalifa ya loda gwangwanayen da farantin a bayan motarka ya kama hanyar Birmingham, kamar wanda aka aika kai buhun shinkafa.

A hanya 'yan sanda suka tsayar da shi saboda fitilar baya. Fitilar nan da na yi ta cewa ka gyara. Suka buɗe but. Sauran kai ma za ka iya ƙarasawa.

Fitata ta farko a cikin takaba, ofishin 'yan sanda ce. An ba da belinsa, an zo an birkice gidan, an tafi da bindigoginka da wayarsa. Ban ga laifinsu ba, lasisin da sunanka yake, kuma ya bi ka kabari. Daga baya wani tsoho daga kulob ɗinku ya zo ta'aziyya, yake gaya min da waya ɗaya muka buga, da an zo an karɓa cikin mutunci. Waya ɗaya, Baban Khalifa. Ka koya min sunan kowane ƙarfe a garejin nan ba tare da na tambaye ka ba. Wannan ne kaɗai ka manta?

Maƙwabciyarmu da take karɓar min kaya idan ba na nan, yanzu labule take ɗagawa. Yaya Sani ya ce ƙaddara ce, ya daina ɗaukar waya.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Na san ba harbin ne ya dame ka ba. A wurin aiki ka tsufa ana ɗora yara a kanka, a kulob kuwa ana kiran sunanka daidai, ana sauraronka. Shi ya sa nake maka addu'ar sa'a duk Asabar, in ka juya baya in yi tsaki. Har yanzu nakan shiga garejin in tsaya, don warin man nan naka bai fita ba. Kada ka ji daɗi, fushi nake yi.

Khalifa yana shekarar ƙarshe a karatun haɗa magunguna, amma jami'a ta dakatar da shi daga zuwa asibiti koyon aiki har a gama shari'a. Lauya ta ce ko hukuncin ya zo da sauƙi, tabon zai iya hana shi aikin har abada. Ya daina hawa bas ɗin Oxford Road mai kai shi makaranta, yana ɗaki. Abin da ya fi ci min rai, ba ya bari a ga laifinka. Da Turancinsa na Manchester yake kare ka, yana cewa shi ne bai yi tambaya ba.

Malam zai zo rabon gado bayan na fita takaba. An ce namiji kashi biyu yake ɗauka. Gida da mota da injin nan duk za a yi musu kuɗi, na gane. Ita takardar tuhumar fa, a kason wa za a saka ta?

Allah ya jiƙanka, ya kai haske kabarinka. Da gaske nake, ko da haƙorana a cije.

Matarka da ka bar wa sharar gareji,
Maman Khalifa