Taimama a Bakin Bolta

Yaya Alhassan,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya sanyin ƙasar mutane? Ina Amina da yara? Mu nan Kukuo lafiya lau, ƙafar Mma ma da sauƙi.

Ran Laraba na je bakin tafkin Bolta sarin kifi, inda Baba yake kai mu muna yara. Ina tsaye sai ga jirgin sama fari fat ya sauko a hankali, ya zauna kan ruwa kamar agwagwa. Wallahi na manta da kifin. Ji na yi kamar in shiga, ya sauke ni a ƙofar gidanka.

Bayan ya tashi na durƙusa zan yi alwalar la'asar, sai na ga saman ruwan yana sheƙi kala-kala, gwanin kyau. Na tsoma hannu na ɗebo, sai wani tsoho mai kwalekwale ya ce, "'Yata, shinshina tukuna." Warin man jirgi ne.

Ga ruwa iya ganin ido, Yaya, amma taimama na yi.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Amina. Har yau ina mafarkin jirgin nan, sai dai in na farka, hannuna nake fara shinshinawa.

Ƙanwarka,
Fusena