Zuwa Ga Mai Jakar Goyo Da Ya Manta Sunana

Ya Mijinyawa, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, tsuntsun da ba ya kwana biyu a reshe ɗaya, ina gaishe ka daga unguwarmu ta Kilomita Biyar, gaisuwar da ba ka cancanta ba.

Na ga bidiyon da ka sa a waya. Minti goma sha biyu cur! Kai ne gwanin yawon duniya, ka tsaya bakin kogin Ubangi da jakarka a baya kamar kunkuru, kana sanar da mutanenku na Damagaram cewa ka gano "wani ɗan ƙaramin gari mai fara'a". Sannu da ƙoƙari, mai gano garuruwa! Kafin ka zo, a cikin duhu muke zaune? Ka yabi gasasshen kifi, ka yabi ganyen rogon da ka yamutsa fuska ranar da na fara zuba maka, ka yabi 'yan babur, har akuyar da ke bakin kasuwa ta samu rabonta. Ni kuwa, Hureira, sai a ƙarshe ka ce "wata baiwar Allah mai atamfa ta taimake ni". Wata baiwar Allah? Ni?

Bari in tuna maka abin da ka yanke. Ranar da ka shigo shagon babana ruwa ya jiƙe ka sharkaf, igiyar jakarka ta tsinke, kana kwaɓa Sango, yaren garin nan, har mata suna riƙe ciki don dariya. Na ce ka yi Hausarka, muna ji. Na ɗinke maka igiyar. Kwana uku bayan nan zazzaɓin sauro ya kayar da jarumin da ya ƙetare ƙasa biyar. Baba ya ba ka ɗaki, inna ta dama kunu, ni na riƙe kofin don hannunka na karkarwa. Me ya hana ka ɗauki hoton wannan?

Da ka warke, ranar Juma'a bayan an sauko daga Masallacin Koudoukou, ka tare ni a gindin mangwaro ka ce: "Hureira, tafiyata ta ƙare a nan. Bayan Sallah zan dawo da magabatana." Sallah biyu sun wuce, ya farin watana, ya maƙaryacina mai daɗin murya. Ina jin haushin kaina yadda har yau in mota ta sauke kaya daga Kamaru sai na leƙa fuskokin da ke saukowa.

Yanzu ga magana. Siddiq, mai shagon wayoyi da ke kallon namu, ya turo manyansa. Mutumin kirki ne, bai taɓa kiran garinmu ƙarami ba. Baba ya tambaye ni, na ce a ba ni zuwa ƙarshen damina. Bai yi faɗa ba, sai ya dube ni da tausayi, wannan kallon kuwa ya fi mari ciwo.

Ka zo, ya hasken rayuwata. Ka zo da kawunka da baffanka, ka yi sallama a ƙofa kamar mai niyyar zama. In damina ta ɗauke ba ka zo ba, zan amsa wa Baba da bakina, in riƙe amanar wanda aka ba ni. Sai dai zuciyar nan marar kunya, na yi mata faɗa har na gaji, ta ce kai ta sani.

Taka har numfashin ƙarshe, wadda ba ta yafe ba tukuna,
Hureira Idrisu