Dusar da aka watsa a Tafkin Goriba

Dogo-Dogo, rani, 1974

Maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinka, ina gajiyar hanya, yaya shanun da ka kora kudu? Mu dai muna nan, alhamdu lillahi.

Duk tafkunan ƙasar Dungas sun ƙafe, saura namu na Goriba. Can nake shayar da Goje, saniyar da Labbo amininka ya ba mu riƙo, kuma ga ta da ciki. Ruwan ya cika da baƙi, dinya da kirinjijiya da zalɓe, har da wasu tsuntsaye masu dogon baki da ko tsofaffi ba su san sunansu ba.

To, ka san Ɗan Azumi maƙwabcinmu, wanda ya yi wata uku a Kano ya dawo yana gyara wa mutane Hausa. Shi ne ya gano wai harbi da tarko aikin ƙauyawa ne. Maganin ƙwarin gyaɗa yake kwaɓawa da dusa ya watsa a bakin ruwa, da safe ya tsince agwagi ya kai kasuwa. Ƙato da gemu, abin da ya iya ke nan, farautar matattu. Na kai kuka wajen dattawa, suka ce za a duba, alhali bakinsu duk maiƙo.

Wani baƙo ma ya zo da farar mota, ya ce ƙasashen duniya sun yi alkawarin kare irin waɗannan tafkuna, don tsuntsayen daga bayan teku suke zuwa. Ya yi jawabinsa, aka tafa, aka soya masa dinya biyu ya ci ya tafi. Tir.

Ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Rijiyarmu guga ɗaya take bayarwa, ba ni da inda zan kai Goje sai can.

Ka huta lafiya.
Matarka, Barakatu

Dogo-Dogo, bayan sati uku

Maigidana,

Ina gaishe ka da zuciya mai nauyi, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya.

Goje ta mutu ranar Laraba, da ɗan cikinta. Ta lashi dusar nan a bakin ruwa kafin in ankara. Ko yanka ban bari an yi ba, don kada wani ya ci.

Tafkin ya yi tsit. Tarwaɗa ta taso ciki sama, kwaɗi sun daina kuka, ungulun da suka ci mushe su ma suna kwance. Dattawan nan yanzu kowa cewa yake dama shi ya faɗa. Kunya dai ba ta kashe mutum, da an yi jana'iza da yawa a garin nan.

Shi kuwa gwanin, Ɗan Azumi, jiya ya shigo yi mini jaje, wai ƙaddara ce. Ka san abin da ya riƙo mini? Agwagwa biyu, wai in yi miya. Na karɓa na kai ramin da muka binne saniyar.

Labbo bai ji ba tukuna. Mutumin da ya ba mu amana ba tare da shaida ba, ni bakina ba zai iya faɗa masa ba, sai kai. Ina kewarka ƙwarai, amma ko ka zo, ka zo kai kaɗai. Kada ka kawo shanu gida, babu ruwan da za su sha.

Allah ya tsare mini kai.
Matarka, Barakatu