Kujera Ta Huɗu

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu ma lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa, ka san kuwa lafiya ta samu.

Wani abu ne ya hana ni sukuni. A kwaleji malaminmu na adabi ya ce kowa ya rubuta gajeren wasan kwaikwayo. Ni kuwa da rashin wayo sai na kwashe labarin gidanmu: ranar da ka ce wa Baba ba za ka gaji sana'ar kafinta ba, ka ajiye masa zarto ka tafi, shekara uku ke nan. Taurarin wasan, wato mutanen ciki, uku na sa: uba, uwa da 'yarsu. Malam ya tambaye ni jigon, wato saƙon da wasan ke ɗauke da shi, na ce zuciya. Ya ce wane ne babban tauraro, na ce uban mana. Sai ya yi dariya, wai babban tauraro shi ne wanda labari ke juyawa a kansa, kuma nawa ko sau ɗaya bai fito ba. Ya ƙara da cewa na ƙulla rikici ban warware ba. Yaya, ashe mutum na iya zama babban tauraro alhali ba ya nan?

To, an zaɓi wasan za a nuna. Sai aka ba Baba aikin dandamalin da kujerun da taurarin za su zauna a kai. Ya sa tabarau ya karanta takardun wasan a shago, ni ina tsaye. Abin da ya ce kawai, wasan nan tamkar tebur ne mai ƙafa uku. Jiya na leƙa shagon na tarar ya haɗa kujeru huɗu. Na ce masa mutum uku ne, Baba. Ya ce ya iya ƙirge, ya ci gaba da goge katako.

Ranar ashirin ga watan gobe za a yi. Ni dai ban rubuta fitowa ta ƙarshe ta wasan ba, don wallahi ban san ta ba, kuma ina kewarka.

Ka gaida Anti da 'yan biyu. Inna da Goggo suna gaishe ka. Baba bai ce in gaishe ka ba, amma kujerar tana nan ya shafa mata fenti.

Taka ƙanwa,
Auta